Shin gwajin ciyar da dabbobi ya isa hujja kan lafiyar abincin da aka haska da gamma?

Ɗalibar Kimiyyar Abinci ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, kuma binciken da aka amince in yi shi ne ciyar da ɓerayen gwaji waken da aka haska da hasken gamma, wato wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani wanda ke ratsa abubuwa, domin kashe ƙwarin ajiya, sannan in kwatanta girmansu da jininsu da hantarsu da na ɓerayen da suka ci waken da ba a haska ba. Daga gida na ɗauko wannan batu. Mahaifina wake yake saya da kaka ya ajiye, kuma tun ina ƙarama nake ganin buhun da aka ɗinke da nauyi, idan aka kwance shi gab da damina sai a tarar da ƙwayar duk huji, gari ya taru a gindin buhu. Na kuma ga yadda tsoron wannan asara ke sa wasu zuba maganin ƙwari kai tsaye a kan abin da mutane za su dafa, wanda shi ne ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Da na fara karatu, kusan kowace takarda na buɗe sai ta ambaci hukuncin 1980, lokacin da kwamitin masana na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya zauna a Jeneba, ya ce haska kowane irin abinci har zuwa matsakaicin kilogire 10 (kilogire shi ne ma'aunin yawan hasken da abinci ya sha) ba ya haifar da guba. A 1997 wani kwamitin na waɗannan hukumomi ya ƙara da cewa ko an wuce 10 ɗin babu illa, muddin an haska ne gwargwadon buƙatar aikin. Sai kuma na ci karo da labarin kyanwoyin Ostareliya na 2008, waɗanda ƙafafunsu na baya suka shanye bayan sun ci abincin da aka haska. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Ta yaya waɗannan maganganu biyu za su zama gaskiya a lokaci guda? Idan gwajin ciyar da dabbobi na shekaru masu yawa ya nuna babu illa, me ya sa bai hango abin da ya sami kyanwa ba, kuma me zai hana a ce akwai wani abu makamancinsa da ɓera ba zai nuna mini ba? Malamin da ke duba aikina yana ganin magana ce da aka riga aka rufe, amma ni ba na son in sa hannu a kan abin da ban gamsu da shi ba.

Tsohon Malamin Sinadarai ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi daidai da kika ƙi wucewa ta kan abin da ya tsaya miki a rai. Bari in fara kawar da tsoron da ba shi da tushe, domin mu samu sararin duba wanda yake da shi. Abincin da aka haska ba ya zama mai fitar da tururin nukiliya. Sinadarin kobal-60, wanda shi ne ke fitar da hasken gamma, yana rufe ne cikin sandunan ƙarfe, haskensa ya ratsa buhun ya wuce, kuma ƙarfinsa bai kai ya taɓa cibiyar ƙwayar zarra ba. Zafin ma kaɗan ne, domin kilogire 10 ba ya ɗaga ɗumin ruwa da fiye da digiri biyu da rabi. Abin da ake gwadawa a jikin dabba shi ne canjin sinadari, wato ƙananan abubuwan da ke samuwa idan hasken ya tsinka ruwa da maiƙon da ke cikin abinci, da kuma bitamin da ke raguwa, musamman B1 da E da A.

Dole kuma a riƙa faɗin adadi duk lokacin da aka ce an haska abu. Hana albasa ko dankalin Turawa tsirowa ba ya wuce kilogire 0.15. Kashe ƙwarin hatsi da wake yana ƙasa da kilogire 1. Rage ƙwayoyin cuta a ɗanyen nama yana ɗaukar 'yan kilogire, kayan yaji a Amurka an yarda a kai su 30, yayin da kashe duk wata ƙwayar cuta baki ɗaya yake buƙatar 25 zuwa 50. Tsakanin wakenki da abincin kyanwoyin nan akwai tazarar ninki hamsin ko fiye.

Yanzu ga inda wahalar take, kuma ina son ki riƙe ta domin za ki gamu da ita a kejinki. Idan ana gwada wani sinadari da ake ƙarawa a abinci, kamar kala ko abin hana lalacewa, ana iya ba ɓera ninki ɗari na abin da mutum zai ci, a ga inda illa ta fara. Abinci sukutum ba ya karɓar wannan dabara, domin ciki yana da iyaka, kuma da zarar an cika abincin dabba da abu ɗaya, rashin daidaiton cimar kaɗai ya isa ya sa ta ciwo. Kare idan ya ci albasa da yawa jininsa zai ragu, ko an haska ta ko ba a haska ba. A shekarun 1950 ɓerayen da aka ciyar da naman shanu da aka haska sun riƙa zubar da jini a ciki, aka tsorata, sai daga baya aka gano cimar tasu dama ba ta da isasshen bitamin K, haskawar ta ƙarasa ɗan abin da ya rage, kuma da aka ƙara bitamin ɗin matsalar ta gushe. Yawancin rahotannin illa na farko irin wannan ne.

Gwaji mafi girma da aka taɓa yi shi ne wanda rundunar sojan Amurka ta ƙaddamar, kamfanin Raltech ya gudanar daga 1976 zuwa 1984. An yi amfani da naman kaza kimanin tan 135. An raba shi, wani aka daskarar kawai, wani aka dafa a gwangwani, wani aka haska da gamma, wani da na'urar ilektiron, a matsakaicin kilogire 58, sannan aka sa shi ya zama kashi 35 cikin ɗari na cimar dabbobin. An ciyar da ɓeraye har tsawon rayuwarsu da ta zuri'arsu, an ciyar da karnuka shekaru, an duba nakasar haihuwa a zomaye da wasu dabbobin, kuma masu bitar sakamakon ba su sami illar da za a jingina wa haskawa ba. Ga kuma aikin haɗin gwiwar ƙasashe da aka gudanar daga Karlsruhe ta Jamus tsakanin 1970 da 1982, wanda shi ne ƙashin bayan hukuncin 1980. Hukuncin bai dogara ga dabbobi kaɗai ba, ya jingina kuma ga binciken sinadarai da ya nuna cewa abinci masu kama da juna suna fitar da abubuwa masu kama da juna, kuma galibinsu ana samunsu a abincin da aka dafa ko aka soya.

Ma'aikacin Lafiyar Al'umma ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, ba ni da ja a kan abin da ka kawo, sai dai akwai ɓangaren tarihin da ya kamata wannan ɗaliba ta ji, tun da ta ce ba ta son sa hannu a kan abin da ba ta gamsu da shi ba. A 1963 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da naman alade na gwangwani da aka haska, bisa gwaje-gwajen da sojoji suka kawo. A 1968 ta janye amincewar bayan ta sake duba ainihin bayanan ta ga ba su isa hujja ba. Bayan haka aka ba kamfanin Industrial Bio-Test kwangilar sabon gwajin nama, aikin ya tashi a banza, kuma wannan kamfanin ne kotu ta sami uku daga jami'ansa da laifin maguɗi a gwajin wasu kayayyaki a 1983. Sa'an nan a farkon shekarun 1980 masanan FDA suka tattara gwaje-gwaje sama da 400, suka tace su, kuma biyar kacal suka ce sun cika ƙa'idar zamani har za su iya tsayawa da ƙafarsu. Idan aka ce mana ɗaruruwan bincike sun tabbatar da lafiyar abu, ya dace a faɗi wannan ma.

Abin da ya fi damuna shi ne na Indiya, domin yara ne masu tamowa, irin waɗanda nake gani a wurin aikina kowane mako. A 1975 Bhaskaram da Sadasivan na Cibiyar Nazarin Abinci Mai Gina Jiki ta Haidarabad suka wallafa gwajin da suka yi da yara 15 masu ciwon tamowa mai kumburi. Biyar sun ci alkamar da ba a haska ba, biyar sun ci wadda aka haska a kilogire 0.75 aka ajiye ta makonni 12, biyar kuma sun ci sabuwar haskawa. A cikin biyar na ƙarshe, huɗu sun nuna ƙwayoyin jini masu ninkin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da halittar gado, fiye da yadda aka saba. Masu bincike a wannan cibiyar sun ba da rahoton irin haka a ɓeraye da birai. Wannan adadi bai yi nisa da wanda za a haska wake da shi ba.

Akwai kuma sinadaran da ake taƙaita sunansu da 2-ACB, waɗanda ke fitowa daga maiƙo idan an haska shi, har Turai ta mayar da su ma'aunin gane naman da aka haska. A 2002 Raul da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka ba ɓeraye waɗannan sinadarai a ruwan sha, kuma bayan wata shida ƙarin, wato tsiron ciwo, da ya fito a babban hanjinsu ya ninka na sauran kusan sau uku. Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Ni ina ganin an yi saurin rufe littafin.

Tsohon Malamin Sinadarai ya rubuta:

Ɗan uwa, na gode da ka kawo waɗannan, kuma duk abin da ka faɗa na tarihi haka ya faru. Maganar biyar cikin ɗari huɗu gaskiya ce, kuma tana nuna raunin yadda ake gwaji a shekarun 1950 da 1960. Abin da zan ƙara shi ne, waɗannan biyar ɗin ba su nuna illa ba, kuma gwajin Raltech bai shiga wancan lissafin ba domin ba a kammala shi ba a lokacin. Shi ma Raltech ɗin ba a karɓe shi ido rufe ba. An ga kamar ƙari ya fi yawa a marainan ɓerayen da suka ci kazar gamma, sai aka miƙa gilasan da aka ɗora wa yankan naman marainan ga wasu masana daban suka sake dubawa, suka ce hujjar ba ta kai a ɗora wa kazar laifi ba.

Game da Haidarabad, gwajin da aka yi wa yara marasa lafiya abu ne da ba zan taɓa karewa ba, kuma yau babu kwamitin ɗa'a da zai bari a yi shi. Ta fuskar ilimi kuwa, yara biyar a rukuni sun yi kaɗan ƙwarai, haka ma ƙwayoyin da aka ƙirga a jinin kowane yaro. Abin da ya fi tayar da shakka shi ne, a rukunin da bai ci alkamar haskawa ba, ba a ga irin waɗannan ƙwayoyin ba ko ɗaya, alhali ana samunsu jefi-jefi a jinin kowane mutum. Cibiyar nukiliya ta Bhabha da ke Mumbai ta maimaita gwajin a ɓeraye ba ta ga komai ba, gwamnatin Indiya ta naɗa masana su duba ayyukan biyu, kuma suka ce bayanan Haidarabad ba su tabbatar da iƙirarin ba. A shekarun 1980 an ciyar da masu sa kai sama da 400 a ƙasar Sin abincin da aka haska na tsawon makonni, aka duba kuromosom ɗinsu, ba a sami bambanci ba.

Ɓerayen Strasbourg kuwa an riga an yi musu allurar wani sinadari mai haddasa ciwon dajin hanji kafin a ga ƙarin, yawansu kaɗan ne, kuma zallar sinadarin da suka sha ya zarce abin da mutum zai samu daga nama nesa ba kusa ba. Mu kuma tuna cewa kazar Raltech da aka haska a kilogire 58 tana ɗauke da waɗannan sinadarai, dabbobi suka ci ta shekaru. Duk da haka ban ce a daina bincikensu ba. Ga wake dai, maiƙonsa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, don haka ba nan damuwar ɗalibarmu take ba. Maganar kyanwa ita ce nake ganin ta fi ƙarfin a share ta, kuma na bar ta ga likitocin dabbobi.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Malam ya miƙo mini, kuma zan faɗi abin da yake tabbatacce. Lamarin kyanwa na gaske ne, ba a kuma Ostareliya ya fara ba. A ƙasar Ayalan akwai wani garken kyanwoyin gwaji da ake tsarewa daga ƙwayoyin cuta, ana ba su busasshen abinci da aka haska a tsakanin kilogire 36 da 47. Cikin kyanwoyi 540, guda 190 suka kamu da tangaɗin ƙafafun baya, kuma Cassidy da abokan aikinsa suka wallafa wannan a 2007. Daga baya aka ɗauki lafiyayyun kyanwoyi da gangan aka ba su irin wannan abinci, ciwon ya sake fitowa bayan 'yan watanni, wanda shi ne ya fitar da maganar daga zato. A Ostareliya dokar shigo da kaya ce ta sa aka haska wani abincin kyanwa da aka kawo daga Kanada a kilogire 50 ko fiye. Likitoci a can suka ba da rahoton kyanwoyi 87, wasu suka mutu, wasu aka kashe su don jinƙai, kuma a 2009 gwamnati ta hana haska abincin kyanwa, ta kuma wajabta a rubuta a jikin na karnuka da aka haska cewa kada a ba kyanwa.

Abin da ke lalacewa shi ne farin rufin da ke lulluɓe jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa yake kamar na robar da ke rufe wayar lantarki. Kyanwar takan fara da jan ƙafa da kasa tsalle, sannan bayanta ya shanye. Ian Duncan na Jami'ar Wisconsin ya nuna a 2009 cewa idan aka mayar da su kan abinci na yau da kullum, rufin yana sake tsirowa a hankali, da yawa kuma suna miƙewa. An auna abincin an ga bitamin A ya ragu sosai, sinadaran da ke nuna maiƙo ya lalace kuma sun ƙaru, sai dai har yanzu bincike bai tsayar da takamaiman abin da ke jawo ciwon ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ma, a bitar da ta yi a 2011, ta ce babu abin tayar da hankali ga mutane, amma ta ware lamarin kyanwa ta ce yana buƙatar ƙarin bincike.

'Yar uwa, ga yadda nake haɗa maganganun naki biyu. Kyanwa dabba ce mai jiki na daban. Ba ta iya mayar da sinadarin karas da ganye ya zama bitamin A kamar yadda mutum da ɓera suke yi, kuma hantarta ba ta iya sarrafa wasu abubuwa, shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya take iya kashe ta. Yawancin waɗannan kyanwoyin kuma abincin nan suke ci safe da yamma har watanni, busasshe mai maiƙo, an haska shi da adadi mai yawa. Kazar Raltech kuwa a daskare aka haska ta, a cikin mazubin da aka zuƙe wa iska, sanyi da rashin iska kuma suna rage lalacewar maiƙo ƙwarai. Ba a ga wannan ciwo a karnuka ko ɓeraye ba. To amma ba zan ɓoye miki ba, tsoffin gwaje-gwajen ba su hango shi ba saboda kyanwa ba ta cikin dabbobin da aka saba gwadawa, kuma wannan yana rage wa hukuncin 1997 faɗin da aka ba shi. Gwajin dabba yana magana ne a kan dabbar da aka gwada, da adadin da aka haska, da kason da abincin ya ɗauka a cimarta. A kan waɗannan sharuɗɗa ni ba ni da fargaba game da wake a ƙasa da kilogire 1, kuma ba zan ba kyanwa abincin kilogire 50 ba.

Mai Kula da Ɗakin Ɓeraye ya rubuta:

Ni ba malami ba ne, amma na daɗe ina kiwon ɓerayen gwaji, kuma ina son in ƙara hujja ɗaya da ba a cika ambata ba. A manyan ɗakunan bincike na duniya, ɓerayen da ake tsarewa daga ƙwayoyin cuta abincin da aka haska a kilogire 25 zuwa 50 suke ci tun daga yaye har mutuwa, zuri'a bayan zuri'a, shekaru da dama ke nan. Suna haihuwa, suna girma, kuma a kansu ake gwada magunguna. Masu haɗa abincin sukan ƙara bitamin tun farko domin cike abin da hasken zai rage.

Malama, abin da zai ɓata miki aiki ya fi kusa da ke fiye da hasken gamma. Na taɓa ganin ɗalibin da ya niƙa ɗanyen wake ya zuba wa ɓeraye. Ranar awo muka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, duk sun rame, gashinsu ya tashi, rabin garin yana zube a ƙarƙashin keji, ya kusa rubuta cewa maganin da yake gwadawa ne ya jawo, alhali har rukunin da ba a ba komai ba haka suke. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin, yana tauye girman ɓera. Ki dafa waken duka rukunonin a wuta iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, ki shanya, ki niƙa, kuma kada ya zama shi kaɗai ne cimar. Wake yana da ƙarancin sinadarin metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ke buƙata, don haka a haɗa shi da hatsi da mai da gishirin ma'adinai da bitamin daidai wa daida a kowane rukuni.

Waken kuma ya fito daga buhu ɗaya, a raba shi biyu, kuma wanda ba za a haska ba shi ma ya yi tafiyar ya kwana inda ɗan uwansa ya kwana. Ki tabbata ba a taɓa zuba masa maganin ƙwari ba, in ba haka ba hantar ɓeranki maganin za ta nuna miki. Ki nemi a sa ma'aunin haske a cikin buhun, a gefe da tsakiya, a ba ki adadin a rubuce. Ki riƙa auna abin da aka zuba da abin da ya rage kowace safiya, domin ɓeran da bai ci ba dole ya rame. Ƙa'idar gwajin kwana 90 ta ƙasa da ƙasa tana neman aƙalla maza 10 da mata 10 a kowane rukuni, kuma wanda zai duba gilasan hanta da ƙoda kada ya san daga wane rukuni suka fito.

Ɗalibar Kimiyyar Abinci ta rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam da Dakta, yanzu na ga inda na haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba, kuma zan rubuta lamarin kyanwa a babin bitar ayyukan baya da adadinsa da sharuɗɗansa, ba zan tsallake shi ba. Na zauna da malamina jiya muka gyara tsarin. Muna fatan a haska waken a cibiyar gamma da ke Sheda kusa da Abuja, a kilogire 0.5 da kuma 1, sannan a ƙara rukuni ɗaya a kilogire 10 domin a ga ko wani abu zai bayyana idan an ninka adadin. Saboda abin da ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya kawo na Haidarabad, zan raba waken kilogire 1 gida biyu, wani a fara ciyar da shi cikin makon da aka haska, wani bayan makonni 12, kuma zan ƙara duban ɓargon ƙashi a kan na hanta da jini. Zan auna bitamin B1 a waken kafin haskawa da bayanta.

Dakta, tun da jijiya ce ta lalace a kyanwa, ina son in riƙa duba tafiyar ɓerayen da ƙarfin riƙon ƙafafunsu kowane mako, in kuma ajiye lakarsu a ruwan adana nama ranar da za a yanka su. Idan akwai hanyar cire lakar ɓera ba tare da an murƙushe ta ba, ina roƙon ki bayyana mini ita kafin in kai takardar neman izini gaban kwamitin ɗa'a a mako mai zuwa.